3.4 Auna Haɗarin Harin Ba-zata ta Hanyar Wasan Yaƙi: Misalin Pearl Harbor

Abin da ake nufi da wasan yaƙi a nan shi ne gwajin da hafsoshi kan yi a kan taswira kafin a tura ko da jirgi ɗaya. Akan raba su gida biyu, wasu su tsaya a matsayin rundunarsu, wasu su ɗauki matsayin abokan gaba, sannan alƙalai su yanke hukuncin abin da kowane taki zai haifar.

Irin wannan gwaji ne rundunar ruwan Japan ta gudanar a Kwalejin Yaƙin Ruwa da ke Tokyo a watan Satumba na 1941, inda aka keɓe ɗaki na musamman domin shirin Admiral Yamamoto na afka wa jiragen Amurka a Pearl Harbor, can tsibiran Hawai. Haɗarin da aka fi tsoro shi ne a hango rundunar tun tana hanya, domin harin ba-zata da aka gano ya tashi daga ba-zata, ya koma tarko ga mai kai shi. Haka kuwa aka yi a zagaye na farko: jiragen leƙen asirin "Amurka" suka gano su, aka nutsar da manyan jirage biyu masu dakon jiragen sama. A zagaye na biyu sai aka gyara lokaci da hanya, ta yadda rundunar za ta kasance nesa da idon masu sintiri har rana ta faɗi, sannan ta kutso daga arewa cikin dare. Asarar ta ragu.

Duk da haka hafsoshin hedikwata ba su gamsu ba. Akwai matsalar shan mai a tsakiyar teku mai hauka irin na arewacin Fasifik, ga kuma rashin zurfin tashar, wadda ba ta wuce mita 12 ba, alhali bama-baman da ke tafiya cikin ruwa kan nutse fiye da haka idan an sako su daga sama. Wannan ta ƙarshe an warware ta da fikafikan katako da aka maƙala musu. Sauran gardamar kuwa ba hujja ce ta kashe ta ba. Yamamoto ne ya yi barazanar ajiye aiki a watan Oktoba.

Rundunar, ƙarƙashin Admiral Nagumo, ta bar tsibiran Kuril ranar 26 ga Nuwamba da jirage shida masu dako. Ranar 7 ga Disamba, 1941 ta kai harin, ta rasa jiragen sama 29 kacal, ba a taɓa mata babban jirgi ko ɗaya ba. Wato wasan ya zuzuta haɗarin da ya auna.

Inda gizo ke saƙa shi ne haɗarin da bai auna ba. Tambayar da aka ɗora a kan teburin ita ce jirage nawa za a nutsar, nawa za a rasa. Taswira ba ta da wurin da za a sa fushin jama'ar Amurka bayan mutuwar mutum fiye da 2,400, ko ƙarfin masana'antunta. Bugu da ƙari, ranar harin babu jirgin dakon Amurka ko ɗaya a tashar, kuma rumbunan mai da wuraren gyaran jirage sun tsira. Bayan wata shida, a yaƙin Midway na Yunin 1942, Japan ta rasa huɗu daga cikin waɗancan jirage shida: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu.