Sashe na 35 a Ajin Sakandare

A watan jiya wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a wata sakandare a Dingyaɗi ya gayyace ni ajinsa. Na tambayi yaran haƙƙoƙin da Babi na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba su, suka rero su da Turanci tiryan-tiryan. Sai na ce, idan 'yan sanda suka kama yayanku yau, kwana nawa doka ta yarda a tsare shi kafin a kai shi kotu? Aji ya yi tsit.

Amsar tana sashe na 35: kwana ɗaya, muddin akwai kotu mai hurumi cikin tazarar kilomita 40. Kuma wajibi ne a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, har da Hausa?" Na ce har da ita.

Darasin aƙidun siyasa ma haka yake. Ana haddace ma'anar jari-hujja da gurguzu, alhali kakannin yaran nan sun ga zaɓen 1979, da Shehu Shagari na NPN da Malam Aminu Kano na PRP suka fafata. Na roƙi malamin ya tura su gida su tambayo abin da ya raba jam'iyyun biyu, su rubuto da Hausa.