Tayar Baya da Ba Ta Bin Sawun ta Gaba

Duk wanda ya tsaya a bayan Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 2007 ko bayanta, irin waɗanda ke tashi daga Agadas su nufi Dirku, zai ga tayoyin baya sun shige ciki, na gaba kuwa sun leƙo waje. Haka aka ƙero ta.

Toyota ta fito da jerin 70 a 1984, kuma shekara da shekaru tayoyin gaba da na baya kusan sawu ɗaya suke bi. A 2007 ne aka sa mata injin dizal mai silinda 8, lita 4.5, wanda ya fi tsohon mai silinda 6 faɗi. Don ya samu wurin zama, sai aka buɗa shasin gaba, aka ƙara wa aksul ɗin gaba tsawo, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Na baya kuwa aka bar shi yadda yake. Tazarar gaba ta fi ta baya da kusan milimita 95, wajen santimita 5 ke nan kowane gefe.

A kan kwalta da wuya direba ya ji komai. A rairayi ne ake gane ta. Tayar gaba takan danne yashi ta yi sawu, da ta baya za ta bi cikinsa daidai, sai ta taka ƙasa mai ƙarfi. Amma a nan rabinta na cikin sawun, rabi na hawa gefensa tana yankar sabon yashi. Sai bayan motar ya riƙa kaɗawa, direba na ta murza sitiyari, injin na shan wahala, mai na ƙonewa. Ga lodi an jibga har sama, alhali mafi yawan nauyinsa a kan ƙunƙuntaccen aksul ɗin yake.

A ganina Toyota ta yi ƙwauro a nan. Lokacin da Land Rover ta fito da samfurin 110 a 1983, gaba da baya ta faɗaɗa tare, shi ya sa aka ƙara mata baki a saman tayoyi don ya rufe su.

A Ostareliya, inda aka fi kuka da wannan matsala, wasu kan canza aksul ɗin baya ɗungurungum da mai tsawo. Mai neman sauƙi kan cusa faifan ƙarfe tsakanin wili da aksul, taya ta fito waje. Ba na goyon bayan wannan ga motar lodi: nauyi kan kauce daga inda aka tsara, boris ya ci da wuri, notuna su yi ta kwancewa, a hanyar da babu bakanike sai an yi tafiyar yini. Mai sayen aksul na hannu kuma ya auna shi daga mazaunin wili zuwa mazaunin wili, domin na gaban motar kafin 2007 ya fi na gaban ƙirar 2007 ko bayanta gajarta.