Kafin Ka Bi Ɗan Jagora Yawon Dare a Delhi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar waje ya san ƙuncin da ke saukowa bayan la'asar. Likita ya gama zagaye, mara lafiya ya samu barci, kai kuma ga ka a ɗaki ɗaya kwana goma sha, daga kai sai waya. A daidai wannan lokaci ne wani zai matso da fara'a ya ce akwai mota, akwai mai nuna gari, awa huɗu kacal a dawo da kai. Bahaushen da ya je Delhi jinya ko karatu ko saro kaya da wuya ya dawo bai ji wannan tayi ba. Mu kuwa da muka tashi da finafinan Indiya tun zamanin sinima da kaset, ba sai an daɗe ana lallashinmu ba.

Ni ba na cikin masu cewa kada a fita. A watan Mayu da Yuni zafin Delhi kan kai maki 45, don haka garin ba ya ganuwa sai rana ta yi sanyi. Kuma akwai abin gani. Yawanci ana farawa ne da tsohon birni, wanda Sarki Shah Jahan ya kafa, shi dai mai Taj Mahal. Nan Lal Kila take, jar fadar da aka kammala a 1648, ga kuma babban masallacin Jama Masjid da aka gama a 1656, wanda farfajiyarsa ke ɗaukar mutum kusan dubu 25. Daga gaban fadar titin Chandni Chowk ya miƙe har masallacin Fatehpuri, kusa da kasuwar kayan yaji ta Khari Baoli, inda barkono ke sa mutum atishawa tun bai shiga ba. Wanda ya san lungunan kasuwar Kurmi zai gane tsarin, sai dai ya ninka cunkoson sau da yawa. Daga nan a wuce Ƙofar Indiya, wato India Gate, mai tsawon mita 42, da aka gama a 1931 don tunawa da sojojin Indiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasu kan ƙara da hasumiyar Kutub Minar, mai kusan mita 73, idan an kunna mata fitilu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda zai kai ka.

Lokacin da na raka yayana jinyar ƙoda, masaukinmu ɗaya da wani dattijo ɗan Damagaram da ya kawo iyalinsa aikin gwiwa. Wata Talata wani direba da ke yawan zama a bakin masaukin ya yi mana tayin zagaya gari a kan kuɗin da ko mai ba zai saya ba. Muka yi sharaɗi da baki: a kai mu Jama Masjid mu samu magariba, mu ci abinci, mu ga Ƙofar Indiya. A hanya ya ɗauki wani matashi mai Turanci, wai shi ne jagora. Ba mu yi nisa ba matashin ya juyo ya ce yau an rufe hanyar masallaci saboda wani biki, amma akwai wurin gwamnati da ake nuna sana'ar hannu, kallo kawai, ba dole a saya ba. Sai ga mu a wani kanti mai sanyin na'ura, an zaunar da mu, an kawo shayi mai madara a ƙananan kofuna, yara biyu suna warware mayafai ɗaya bayan ɗaya suna shimfiɗawa a gabanmu har suka yi tudu. Mai kantin ya zare zobensa ya zura mayafi guda ta ciki ya fito ta ɗaya gefen, wai shaidar gashin akuyar Kashmir ne na asali. Dattijon nan ya dube ni ya ce, "Ɗana, masallaci muka ce ko kanti?" Na ce, "Baba, mu dai sha shayin mu tafi." Ba mu fita ba sai da kunya ta sa ya sayi mayafi ɗaya. Magariba a gefen titi muka yi ta.

Ba wani biki da aka yi ranar. Jagoran ɗan kamasho ne. Kuɗin da muka ba shi ba shi ne abincinsa ba, la'adar da mai kanti zai ware masa ita ce, kuma daga aljihunmu za ta fito, an riga an ɗora ta a kan farashi. Dillanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma dillalin Kantin Kwari ka san dillali ne. Wannan kuwa ya zo maka da rigar mai taimakon baƙo. Da ka ji farashin yawo ya yi arhar da hankali ba zai ɗauka ba, to banza ba ta kai zomo kasuwa, wani ne ya biya sauran, kuma wurinsa za a kai ka.

"An rufe" shi ne babban jarinsu. An rufe hanya saboda zanga-zanga, an rufe unguwar saboda shugaba zai wuce, an rufe ofishin tikiti. Abin da ke ba ƙaryar ƙarfi shi ne akwai ƙwayar gaskiya a ciki: an daɗe ana rufe Lal Kila ranar Litinin, yawancin shagunan Chandni Chowk ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma a Jama Masjid ana tsayar da masu yawon kallo a lokutan salla. Amma kai da ka zo salla ba wanda zai hana ka shiga, ba kuma kuɗin shiga, sai dai a nemi kuɗin kyamara a ƙofa, mai tsaron takalma kuma ya sa ran ɗan ihsani. Idan aka ce maka an rufe, ka ce a kai ka bakin ƙofar ka gani da idonka.

Akwai kuma waɗanda suka fi ɗan kamasho girma. A kewayen Connaught Place da tashar jirgin ƙasa ta New Delhi akwai ofisoshi masu alluna ɗauke da kalmomin gwamnati da yawon buɗe ido, alhali na 'yan kasuwa ne. Mutum mai tsabta zai tare ka a hanya, ya tambayi ƙasarku, ya ce ba kuɗinka yake so ba, ya raka ka har ƙofa. Ka shiga neman yawon awa uku, ka fito an sayar maka da tafiyar kwana huɗu zuwa Agra da Jaipur. Ofishin yawon buɗe ido na gwamnatin Indiya yana lamba 88 a titin Janpath, gwamnatin Delhi ma tana da hukumarta mai shirya zagaye. Jagoran da aka amince da shi yana da katin shaida mai hoto. Ka nemi gani, ka ɗauki hotonsa. Na kirki ba ya jin haushin haka.

Ko tafintan asibiti ne ya haɗa ka da mai mota, kada kunya ta hana ka yin ciniki a fili. A rubuta a WhatsApp: wuraren da za a je, lokacin fita da dawowa, jimillar kuɗi, da ko kuɗin tikiti na ciki, domin a wuraren tarihi baƙo na biyan fiye da ninki goma na abin da ɗan ƙasa ke biya. Ka ƙara da cewa ba shiga kanti. Kada ka biya duka sai an sauke ka. Lambar mota da hoton jagora ka tura wa wanda ka bari a masauki, ka tura gida ma. Indiya na gaban Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi, ƙarfe tara na dare a Delhi huɗu da rabi ne na yamma a Kano, kowa idonsa biyu.

Ka kuma faɗi tun farko inda ba ka son shiga. Zagayen yamma sau da yawa kan haɗa da wurin ibadar Hindu, ko Bangla Sahib na mabiya addinin Sikh, ko hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya, wanda ya rasu a 1325, inda aka fi cika ranar Alhamis da dare don sauraren kawwali, bege irin nasu da ganga da tafi. Wani wannan ne ma ya fito da shi, wani aƙidarsa ba ta yarda ba. Kowa ya san kansa. Wanda zai je hubbaren ya rufe kansa, ya san mata ba sa shiga ɗakin kabarin, ya kuma san lungun shiga cike yake da masu tura maka furanni da masu littafin rubuta sadaka. Ba dole ba ne ko ɗaya.

Sai kuɗi. Mutanen gari da waya suke biyan kusan komai, kai baƙo takarda za ka riƙe, don haka ka nemi ƙanana. Ka san kalarsu: rupi 500 ruwan toka ce, sabuwar 200 ruwan ɗorawa. Tsoffin takardun 500 da 1,000 an soke su tun Nuwamban 2016, ta 2,000 kuma an fara janye ta a 2023, kada ka karɓi ko ɗaya a canji. Idan za ka miƙa 500 ka faɗa da baki kana miƙawa, don akwai masu saurin hannun da za su nuna maka 50 su ce ita ka bayar. Mai keken tura-da-ƙafa a tsohon birni kuwa, ka tambaye shi kuɗin na mutum ɗaya ne ko na keken duka, kafin ka hau.

Abinci shi ne daɗin daren, shi ne kuma tarkonsa. Lungun Matia Mahal da ke fuskantar ƙofar masallaci unguwar Musulmi ce, ga tsire irin nasu a kan garwashi, ga biryani, ga gidan abincin Karim's da ke nan tun 1913. A nan ba ka da damuwar yanka. A wasu unguwannin ka tambaya, domin akwai naman da suke kira jhatka, wanda ake sare kan dabba da sara ɗaya. Ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Ruwan da ba a like yake ba, ƙanƙara, yankakken kayan marmari, da golgappa, 'yar ƙwallon fulawar nan da ake cikawa da ruwan tsami, duk ka bar wa masu gari da cikinsu ya saba. Mai jinya ne kai, idan gudawa ta kwantar da kai an samu majinyata biyu. Kada kuma ka karɓi abin sha daga wanda ka haɗu da shi yanzun nan. Batun saniya ma ba na wasa ba ne a can: an haramta yanka ta a Delhi, jan naman da ake sayarwa na ɓauna ne, kuma a 2015 taron mutane ya kashe wani Musulmi a Dadri, kusa da Delhi, a kan zargin naman shanu. Kilishin da ka zo da shi ya zauna a ɗaki.

Akwai maganar da jagora ba zai gaya maka ba, ita ce ta launin fata. Za a kalle ka, wasu su nemi hoto da kai, wasu su jefo kalmar da ba ta da daɗi. Yawanci a nan take tsayawa. Amma a watan Mayun 2016 an kashe wani matashi ɗan Kongo a kudancin Delhi da dare, a kan gardamar wa zai hau a-daidaita-sahu, a watan Maris na 2017 kuma aka far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida. Saboda haka kada ka tsaya cacar baki a titi da dare a kan rupi hamsin. Ka kira mota ta Uber ko Ola, inda farashi da lambar mota suke a rubuce. Jagoran da ya fara yi maka raɗar zai kai ka inda ake shaƙatawa, ko ya ce ka riƙe masa ƙunshi, ka rabu da shi nan take, don idan 'yan sanda suka zo kai za a fara tambaya. Kwafin fasfo da biza su kasance a aljihunka kullum, bizar kuma kada ta ƙare kana gari. Lambar gaggawa 112 ce. Akwai kuma 1363 ta taimakon baƙi, ana amsawa da Turanci da Larabci da Faransanci. Ofishin jakadancin Najeriya yana unguwar Chanakyapuri.

'Yan'uwa mata kada su fita su kaɗai da direban da ba a sani ba, kada kuma su hau bas ɗin da ta tsaya haka kawai tana kiran fasinja. A irinta aka yi wa wata ɗaliba aika-aikar da ta girgiza duniya a Disamban 2012. Jirgin ƙasa na cikin gari, wato metro, yana da tarago na mata zalla, yana kuma aiki har wajen sha ɗaya na dare.

Daga Nuwamba zuwa Janairu hayaƙi kan lulluɓe Delhi, na motoci da na ƙona karan shinkafa a gonakin Punjab da Haryana, ga sanyin da ya fi na hunturunmu cizo. Mai ciwon zuciya ko huhu, ko wanda aka yi wa dashe, kada tausayi ya sa ka fitar da shi shan iska ba da izinin likita ba.

Mu dai ranar Asabar muka sake fita, ni da Baba, ba mota ba jagora. Muka hau metro muka sauka a tashar Jama Masjid, muka haura matattakalar nan masu tsawo da takalmanmu a leda. Tantabaru na tashi daga farfajiya, yara a kan soraye suna sakin filfilo irin nasu mai igiya, dutsen ƙasa har lokacin da ɗumin rana. Baba ya yi sallarsa da sadlu a tsakiyar sahun Hanafawa, na kusa da shi yana ta satar kallo, da aka sallame kuma ya kama hannunsa da hannu biyu ya tambayi ƙasarmu. A hanyar komawa tasha muka bi ta wani lungu na masu tufafi, sai ga mayafinsa sak, har kalar, rataye a bakin rumfa. Na tambayi kuɗi, bai kai rubu'in abin da ya biya ba. Baba ya shafa shi ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, idan mun koma kada ka gaya wa Hajiya."