Tsofaffin coci-coci da abubuwan mamakin da ke cikinsu

Bagumale ko mutumin Sule Tankarkar da ya sauka Zariya, da wuya ya tambayi hanyar Wusasa. Ya kamata ya tambaya. A can akwai cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 da tubali da yumɓu, katanga mai kauri, rufi irin na soro, ciki da sanyi ko da tsakar bazara. Wanda ya san aikin maginan Zazzau zai gane hannunsu tun daga bakin ƙofa. Kuma da Hausa ake wa'azi a ciki.

Kafin a kai ga wannan gini an sha tafiya. A 1900 Bishop Tugwell da likita Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya samu wurin zama a birnin Zariya a 1905, daga baya mishan ɗinsu ya koma Wusasa, bayan ganuwa. Miller ne jigon fassarar Baibul zuwa Hausa da ta fito a 1932. Cikin mabiyan farko akwai zuriyar Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano, waɗanda suka fifita Annabi Isa tun Turawa ba su zo ba. 'Yar unguwar Wusasa ce ta raini Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Janar Yakubu Gowon. Ni a ganina, duk ɗalibin tarihin Arewa da bai leƙa Wusasa ba yana da sauran karatu.

A Garkida ta jihar Adamawa kuwa, Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fara ibada ne a 1923 a gindin tsamiya.

Idan ka ƙetare iyaka daga Maigatari ka nufi Damagaram, can ne mishan ɗin SIM ya fara zama a Nijar a 1924. Asibitin Galmi, da marasa lafiya ke zuwa har daga Nijeriya, nasu ne, tun 1950.

Abin da ya fi taɓa ni yana birnin Ƙudus. Makullin Cocin Ƙiyama, wurin da Kirista suka fi girmamawa a duniya, yana hannun Musulmi: gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa da asuba su rufe da dare, kaka da kakanni. Ɗariƙun Kirista shida ne ke tarayya a ginin, kuma amanar da aka ɗora wa waɗannan gidaje biyu ta raba su da gardamar wa zai riƙe ƙofa. A ƙarƙashin wata taga akwai tsanin katako da ke jingine tun ƙarni na 18, domin ba a gusar da komai sai dukansu sun yarda. Daura da cocin ga Masallacin Umar, tunawa da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wanda tarihi ya ce ya ƙi yin salla a ciki don kada Musulmi su karɓe wurin a bayansa.

A gindin dutsen Sina'i a Masar, gidan ibadar St. Catherine yana da masallaci a cikin harabarsa, tun zamanin Faɗimiyawa.

Lalibela ta Habasha tana da coci 11, kuma ba a ɗora dutse kan dutse ba. Sassaƙa su aka yi daga sama zuwa ƙasa a cikin fa, wajen shekara 800 da suka wuce. Sai ka tuɓe takalmi kafin ka shiga.