"Peck": kalmar da Bature ya raina, manomin Gadarif ke tsoro

Wanda ya buɗe ƙamus ya nemi "peck" zai tarar da ma'ana mai sauƙi: tsuntsu ya sa baki ya tsattsagi hatsi, ko ya sari wani abu. Daga nan Turawa suka ja kalmar zuwa kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sumba ta gaggawa a kumatu "peck" ce. Wanda ya zauna gaban abinci yana tsakura, ba ci na gaske ba, shi ma da ita ake kwatanta shi. Mijin da matarsa ta mallake kuwa "henpecked" suke ce masa, wato wanda kaza ta sassara. Mu dai mijin-ta-ce muka sani.

Akwai kuma "pecking order", daga binciken wani ɗan Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, a kan kaji a shekarun 1920: kowace kaza ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Yau da ita ake bayanin wa ke gaba da wa a ofis.

To, amma je ka gaya wa manomin dawa a Gadarif, gabashin Sudan, inda Hausawa jikokin mahajjata suka daɗe da zama, wai tsattsagar tsuntsu ƙaramin abu ce. Tun tsakiyar shekarun 1940 ake noma da injuna a wannan yanki, gonaki iya ganinka, kuma dawa na fara ido, ƙwaya da taushinta, jan-baki ke sauka. 'Yan Sudan zarzur suke ce masa. Ɗan mitsitsi ne, nauyinsa kamar giram 20, amma yana cin kusan giram 10 a yini. Yi lissafi da kanka: garke mai tsuntsu miliyan 2, tan 20 ke nan kafin rana ta faɗi, ban da wanda suka kakkaɓe ƙasa. Gwangwani da majajjawa na iya tsare 'yar ƙaramar gona. A gona mai faddan 1,000 kuwa wa zai yi ihun? Sai dai jirgin feshi ya bi su makwancinsu da magariba.

Turanci na da wata "peck" ɗin daban, tsohon mudun awon hatsi mai cin kusan lita 9. In ka cika shi da dawa, jan-baki 700 sun isa su tashi da ita a yini guda.