Yadda Ake Auna Fari da Baƙin Allon Kwamfuta da Kyamara

A jikin kwalin sabon allon kwamfuta akan ga lamba kamar 1000:1, wani kwalin ma ya ce 1,000,000:1. Lambar tana nuna sau nawa hasken farin allon ya ninka na baƙinsa. Masana suna auna irin wannan haske da kandela a kowace murabba'in mita. Idan fari ya ba da 250, baƙi kuwa 0.25, ninkin ya zama 1000:1. Idan ninkin ya yi ƙasa, hoto yakan dushe, baƙi ya koma ruwan toka, abin da ke cikin inuwa ya ɓace.

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa baƙi yana da haske. Dalili shi ne, allon LCD yana da fitila a bayansa wadda take kunne koyaushe. Ƙwayoyin allon tare hasken suke yi don su nuna baƙi, amma ba sa iya tare shi duka, sai kaɗan ya zurara. Wannan ɗan abin da ya zurara shi ne ke yanke hukunci. Allon LCD nau'in IPS yakan ba da wajen 1000:1, nau'in VA kuwa wajen 3000:1. A allon OLED kowace ƙwaya fitilar kanta ce, kuma mutuwa take yi gaba ɗaya idan ana son baƙi.

Ɗalibi zai iya gwada lambar da kansa, muddin akwai kyamarar dijital wadda ake iya saita ta da hannu. Hikimar ita ce: idan haske ya ragu da rabi, dole ƙyauren kyamara ya daɗe a buɗe ninki biyu kafin hoto ya fito daidai. Saboda haka tsawon lokacin buɗewar ya zama ma'auni.

Da farko a kashe fitilu, a rufe tagogi, ɗaki ya yi duhu ƙirin. A kafa kyamara daidai tsakiyar allon, a tsayar da ISO a 100 da faɗin kafar haske a f/2.8, kada a sake taɓa su. A cika allon da fari, a juya lokacin ƙyaure har ma'aunin hasken kyamara ya tsaya a tsakiya, a rubuta. Sannan a cika shi da baƙi, a maimaita. Idan fari ya nemi 1/250 na daƙiƙa, baƙi kuma daƙiƙa 4, sai a raba 4 da 1/250, wato 4 sau 250. Amsa ita ce 1000.

Akwai abubuwa biyu na lura. Yawancin kyamarori suna sauya lokaci ne mataki-mataki, kowane mataki kusan kashi 26 cikin 100, don haka sakamakon ƙiyasi ne. Na biyu, kada a raba lambobin hasken da ke cikin hoton JPEG, domin kyamara ta riga ta lanƙwasa su don su dace da idon ɗan Adam.

Ita kuwa lambar miliyan, akan same ta ne ta hanyar rage fitilar baya yayin auna baƙi, a ƙure ta yayin auna fari. Hoto guda ba zai taɓa nuna wannan bambanci a lokaci ɗaya ba. Don haka a kashe tsarin da ke sauya haske da kansa kafin a fara gwaji.

Daga ƙarshe, a kunna fitilar ɗaki a sake awo. Idan allon ya mayar da hasken ɗaki na kandela 1 kacal, fari zai zama 251, baƙi 1.25, ninkin ya faɗo zuwa wajen 200:1. Makarantar da ke shirin sayen alluna masu tsada za ta amfana idan ta fara da labule da kuma kawar da allunan daga fuskantar taga.