Siffar Aikatau a Jimlar Tambaya ta Ingilishi

Malami yini yake yi yana tambayar ɗalibai, saboda haka duk kuskuren da ke cikin tambayarsa shi yara za su haddace, su kuma kai shi ɗakin jarrabawa. Yawancin irin wannan kuskure ya samo asali ne daga bambancin tsarin Hausa da na Ingilishi.

A Hausa, jimlar bayani kan koma tambaya ba tare da kalmomi sun sauya gurbi ba. Ana ɗaga murya ne, ko a ƙara “shin” ko “ko”. Misali: “Audu ya tafi kasuwa?” A Ingilishi kuwa, mataimakin aikatau ne ke tsallakowa gaban aikau:

She is reading. – Is she reading?
They can swim. – Can they swim?

Idan jimla ba ta da mataimakin aikatau, kuma aikatau ɗinta ba “be” ba ne, sai a kawo “do”, “does” ko “did”. Wannan kalma ita ke ɗaukar lokaci, shi kuwa babban aikatau ya koma siffarsa ta asali:

Audu went. – Did Audu go?
Binta cooks. – Does Binta cook?

Ke nan kuskure ne a ce “Did Audu went?” domin an nuna shuɗaɗɗen lokaci sau biyu. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A “ya tafi”, “zai tafi” da “yakan tafi”, aikatau bai sauya ba. Abin da ya gabace shi ne ke nuna lokaci.

Sai dai akwai togaciya. Idan aikau ake tambaya, ba a buƙatar “did”: “Who broke the cup?” Amma idan karɓau ne, dole a kawo shi: “Who did you see?” Haka kuma tambayar da aka cusa cikin wata jimla kan bi jerin jimlar bayani: “Tell me where he lives.”

Ita ma Hausa tana da nata sharaɗin. Ana cewa “sun zo”, amma a tambaya sai a ce “Yaushe suka zo?” Babu Bahaushen da zai ce “Yaushe sun zo?” Malamin da ya fara da wannan misali zai nuna wa ɗalibai cewa kowane harshe da ƙa’idarsa ta tambaya, sannan ya ɗora ta Ingilishi a kai.